Gonar da Ummi Ke Aiki

Tunda na dawo daga Virginia ban huta ba. A masallaci ranar Juma'a tambaya, a shagon nama na Gate City Boulevard tambaya, waya kuwa har na gaji da ɗauka. "Maman Ummi, yaya gonar? Ina tsarabarmu ta inabi?" Wasu tsakani da Allah suke tambaya. Wasu kuma sun riga sun ji daga bakin Hajiya Zuwaira, so suke kawai su ga yadda fuskata za ta yi. Har na ji ana cewa wai na tsine wa 'yata. To ku gyara zama in faɗa muku da bakina sau ɗaya, wadda ta sake tambayata bayan wannan ba zan kula ta ba.

Ummi ita kaɗai gare ni. Mariama ne sunanta, sunan uwar mijina, shi ya sa ba na kamawa. Babanta ya rasu tana lakwal, wato firamare, ni na ci gaba da aikina a gidan kula da tsofaffi har ta gama jami'a a nan garin. Ranar da ta ce ƙasa da cututtukan tsirrai za ta karanta na yi faɗa kamar me. Na ce mun baro Maradi mun ƙetare teku don ki zo Amurka ki kama hauya? Amma ta gama, a farkon bazara ta samu aiki a wata gonar inabi cikin duwatsun Virginia. Sai ga ni ni ce kan gaba wajen baza labari. Duk walimar da na je sai na ce 'yata likitar itatuwa ce, turawa ma sai sun tambaye ta kafin su yi shuka.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne yarinyar tana sulluɓe mini. Wayarmu ta koma "lafiya lau, Mama" da "ina aiki, Mama". Sallar layya ta zo ta wuce ba ta taka gida ba, na ci soye ni kaɗai ina kuka. Da ta kira ta ce, "Mama, akwai ɗan otel cikin gonar, na kama miki ɗaki, ina so ki zo ki gani da idonki," sai na ce shi ke nan, namiji ne, kuma ba namu ba. Na ƙudurta a raina ko mene ne, ba zan baro wurin nan ba sai 'yata ta dawo hannuna.

Na roƙi Hajiya Zuwaira ta raka ni. Ta girme ni, 'yar Damagaram ce, tana zaune wajen ɗanta, kuma bara ta sauke farali. Na gaya wa Ummi a waya.

"Mama, ke kaɗai na ce."

"Mace ba ta kama hanyar daji ita kaɗai. Antinki ce, ba baƙuwa ba."

"To, Mama," ta ce da wata irin murya.

Kun san abin da kuka yi mana. Wannan ta ce a taho mata da baƙin inabi, waccan ta ce kore mara 'ya'ya, har da mai cewa za ta shanya ta aika gida. Muka cika bayan mota da akwatunan ƙanƙara, glasiye biyu da bokiti, duk ba komai ciki. Guzuri kuma dambu da zogale, kilishi, soyayyar kaza da kwalbar yaji.

Da hantsi muka fita ta Summerfield. Hajiya ba ta taɓa bin hanyar ba, ta manna fuska a gilashi tana kallon dawaki a cikin shinge, kowanne da wani ƙyallen raga a fuska saboda ƙuda.

"Ikon Allah! Maman Ummi, a ƙasar nan mata na yawo kai ba ɗankwali, dawaki ne ke sa niƙabi."

Da na ce mun kusa iyakar jiharmu da Virginia sai ta fara shiri. Ta fito da fasfo daga cikin lalitarta, ta gyara hijabi, ta tofa addu'a a jakar kilishi kada a ƙwace. Muka wuce wani allo a gefen titi na ce mata ai mun shiga Virginia.

"Ina duwan, masu binciken kaya?"

"Babu."

"Jandarma fa? Ko igiya ba su ɗaura ba?"

Ta waiga tana neman wanda zai busa mana usur. Ita da ta saba a sauke mutane a rana, a zazzage jaka, a sha tambayoyi har la'asar, sai ta ji kamar an raina ta. Ta daɗe da fasfon a hannu kafin ta mayar.

Daga nan hanya ta fara murɗewa tana hawa. Wayar da ke nuna mana hanya ta ɗauke, cikin Hajiya ya juya, muka tsaya sau biyu. A wata mararraba muka ga wani tsohon bature yana sayar da tuffa a bayan akori-kura. Na sauka na faɗa masa sunan gonar. Ya dube ni, ya leƙa ya dubi Hajiya da carbinta, ya yi wani ɗan murmushi, sannan ya kwatanta mana. Har na juya ya ce mu ji daɗinmu, amma wadda za ta tuƙa mota kada ta cika. Na fassara wa Hajiya, ta ce gaskiyarsa, inabi in ya yi yawa yana sa zawo.

Gonar kam ba a magana. Layi-layi har iyakar ganinka, kowace kurangar inabi an ɗaure ta a waya, ba ciyawa ko ɗaya. A tsakiya ga wani tsohon gidan jan bulo mai bene, shi ne otel ɗin, ɗakunansa ba su kai goma ba. Muna buɗe ƙofa wani ƙaton kare mai gashi ya taso daga kan kujerar falo, kan kujera fa, ya zo ya sa hanci a zanen Hajiya. Ihun da ta yi har tsuntsaye suka tashi.

Mai gidan ta fito a guje, wata tsohuwa siririya mai farin gashi, Madam Karol. Tana jin sunana ta rungume ni.

"Ke ce uwar Mari! Yarinyar nan ta ceci gonarmu bana."

Mari. 'Yar da ni ba na iya kama sunanta, su sun kama har sun gutsure shi. Ta ce Ummi tana can ƙasan gona ana tsinka, sai la'asar za ta hawo. Ta zagaya da mu tana alfahari: kakan kakan mijinta ne ya gina gidan, wannan matakalar ba a taɓa canza ta ba, wancan agogon ya tsaya tun kafin a haife ta. Ni dai ina ta "to, to". A wajenmu in gida ya tsufa haka, 'ya'ya ne za a zaga a ce sun kasa gyara gidan ubansu. Su kuwa tsufan ne abin sayarwa, mutane na tasowa daga nesa su kwana a kan gado mai ƙara.

Mabuɗin ɗakinmu na baƙin ƙarfe ne, ya kai tsawon cokali. Gadon sai an taka ɗan kujera ake hawa. Babu talabijin. Bahon wanka yana da ƙafafu huɗu kamar zai tashi ya tafi. A kan tebur an zuba furanni cikin wani farin kwano mai hannu, Hajiya ta ɗaga ta juya shi.

"Maman Ummi, wannan ai fo ne."

Fo ne kuwa, na fitsarin dare irin na mutanen da. Dariya muka yi har na dafe gado. Wannan ce dariyata ta ƙarshe a gidan.

Kusa da taga an ajiye mana faranti: cuku iri-iri, ɗaya har ya yi kore da funfuna, da kofuna biyu masu dogon wuya, da kwalba an ɗaura mata jan zare. Kun san irin lemon inabin nan mai kumfa da muke jerawa a tebur ranar biki ko suna? Kamarsa ɗaya, har takardar zinariya a wuya. Ni na shiga yin alwala. Hajiya da ƙishi ya dame ta tun a hanya ta yi ta kokawa da toshiyar har ta fita. Ina jin ta ta yi bisimilla.



"Maman Ummi! Zo ki ji lemon nan. Ya lalace, har da ɗaci."

Na fito hannuna da ruwa, na karɓi kofin na kai hanci. Na san warin. Duk Kirsimeti 'ya'yan tsofaffin da nake kula da su suna kawo irinta, ni ke kwashe kofunan.

"Hajiya, kin haɗiye?"

"Kurɓa biyu. Mene ne?"

Fuskata ta gani.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Giya? Ni Zuwaira? Da bakin da na yi ɗawafi bara?"

Ta ruga banɗaki, ta zura yatsa a maƙogwaro, ta kurkure baki da sabulu, ta goge harshe da tawul. Tana kuka tana cewa sallarta ta kwana arba'in ta tafi. Ina ce mata Allah ba ya kama mutum da abin da bai sani ba. Na suri kwalbar na sauka, na ce yau baturiyar nan za ta san ta taɓa 'yar Maradi.

Madam Karol tana ganin kwalbar ta dafe ƙirji. Ta ce Mari ta ja mata kunne tun jiya a cire ta daga ɗakinmu, mai gyaran ɗaki ce ta manta, kowane baƙo haka ake tarbarsa. Haƙuri take ba ni da gaske, har idonta ya kawo ruwa. Sai ta ƙara da cewa abin takaici ne da ba ma sha, don wannan ita ce mafi kyau da suka taɓa yi. Ta juya kwalbar ta nuna mini hoton da ke jiki. Gidan da muke tsaye a ciki ne.

"Ku kuka yi ta?"

"A nan, daga inabinmu."

"Wanda kuke kaiwa kasuwa fa, na ci?"

Ta dube ni da mamaki. Ta ce ba sa sayar da ko ƙwaya ɗaya, duk abin da na gani a waje na matsewa ne.

Jama'a, shekara ashirin da wani abu ina ƙasar nan. Ina ganin giya a gidan mai, ina ganinta a kanti, ina kawar da kai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga wace gona take fitowa ba. A wajena inabi abin buɗa-baki ne da azumi. Na nemi iska, na bi wata ƙofa ta baya. Ashe cikin abin na kai kaina. Wani dogon zaure ne, ganguna na katako jere har sama, ga mutane masu shiga mai kyau, manya da furfura, kowa da kofi. Su juya shi, su zura hanci ciki su lumshe ido, su kurɓa, su wasa da shi a baki kamar mai alwala, sannan su tofa a wani ɗan bokitin azurfa. A gaban juna! Wata mata ta tofa, mijinta ya gyaɗa kai kamar ta faɗi abin hikima. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, da hijabina, da kwalbar giya a hannu.

A haka Ummi ta same ni.

Da ƙyar na gane ta. Ta yi baƙi, ta rame, takalmin roba har gwiwa, hular rana a kan ɗankwali, yatsunta duk sun rine. Ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Mama, ba haka na so ki sani ba."

"Wuce mu je sama."

A ɗaki ta durƙusa ta gaida Hajiya, Hajiya ta juya mata ƙeya. Ta fara bayani da Turanci, na ce ta ajiye shi a waje, yau da harshen ubanta za ta yi mini magana. Hausar tana sarƙe mata, amma ta yi.

"Ba na sha, Mama. Wallahi ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ba na matsewa, ba na sayarwa, zauren nan ma ba na shiga sai yau da na hango ki. Ƙasa nake aunawa, ganye nake dubawa. Itace ne kawai."

"Itacen me?" Hajiya ta juyo. "Wanda ya shuka don ita, da wanda ya matse, da wanda ya ɗauka, duk layinsu ɗaya. Ke ba a kai ki islamiyya ba?"

"An kai ni, Anti."

"To da saninki ke nan!"

Na ce, "Wata shida kina jin ina yawo da sunanki a gari. Me ya hana ki faɗa mini?"

"A waya za ki kashe, ba za ki sake ɗauka ba. Na nemi aiki wurare da yawa, Mama. Su ne suka kira ni, suka gan ni da ɗankwalina, ba su ce komai ba. Na ce zan yi wata biyu in samu wani. Sai ciwo ya kama ganyen, na tsaya." Ta share ido da bayan hannu. "Na gaji da ɓoye miki. Shi ya sa ban zo Salla ba, ba zan iya kallon idonki ba."

Na ce ta fita. Ta fita, ta ja ƙofa a hankali.

Hajiya ta matso kusa da ni. Ba mugunta gare ta ba, ku daina cewa haka, tsoron Allah ne da tsoron bakin mutane.

"Maman Ummi, gobe ki sa ta a mota. In ta ƙi, ki gaya mata ba ke ba ita. Bakin uwa kaɗai yaran ƙasar nan ke tsoro, shi ma kaɗan. In kika sassauta, wa zai aure ta? Da wane ido za ki shiga masallaci?"

Na san maganarta ta shige ni.

Da magariba ta yi, Hajiya ta aike ni in tambayo me ke ƙarƙashin gidan. Aka ce rumbun kwalabe ne. Ta ce goshinta ba zai taɓa wannan daɓen ba. Muka ɗauki darduma muka fita kan ciyawa, baƙi na zaune a baranda da kofunansu sun yi tsit suna kallonmu, karen nan kuma ya zo ya kwanta daga nesa kamar shi ma jam'i ya zo.

Abincin dare wani abin mamakin ne. Faranti kamar faifai, abin da ke tsakiya bai kai loma biyu ba, an ɗiga masa miya kamar da alƙalami. Kowanne aka kawo sai na tambayi mai rabawa. Kazar da giya aka dafa. Naman da aka yanka siriri kamar takarda na alade ne. Hatta kayan zaƙin, a cikin giya aka jiƙa. Madam Karol ta sa an gasa mana kifi daban a sabon kasko, ta zo da kanta ta rantse mana. Na ci don kunyarta. Hajiya ko cokalin ba ta taɓa ba, ta ce wa ya san abin da ya ɗebo jiya. Muka koma sama muka buɗe dambunmu. Ƙamshi ya jawo tsohuwar, ta ƙwanƙwasa ta ce ko za ta ɗanɗana. Hajiya ta zuba mata, ta barbaɗa yaji da hannu mai nauyi, ina ganin ramuwa ce. Baiwar Allah ta yi tari har ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, amma ta miƙo farantin a ƙara mata. Ta ce da ba don Mari ba, da bana sun sayar da gidan. Ta zaci daɗi zan ji.

Da gari ya waye na bar Hajiya tana lazimi na gangara gona. Ana ta tsinka, mutanen Meziko ne yawanci, maza da mata, kowa da ɗan almakashi. Na tsaya bayan wani layi ina kallon 'yata. Ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta murza, ta juya ganye ta duba bayansa, ta yi wa wani dattijo mai gashin baki magana da yarensu, ya cire hula ya saurara, ya kira mutanensa suka bar wannan layin suka koma wani. Haka babanta yake tsugunawa a garka, lambun gidansu, in mun je hutu. Ba zan ɓoye muku ba, alfahari ya cika mini ƙirji, kunya kuma ta biyo shi a take, na rasa da wanne zan ji.

Ta hango ni ta taho. Ta tsinko 'yan ƙwayoyi ta miƙo mini.

"Wannan halal ne, Mama. Inabi ne har yanzu."

Na sa ɗaya a baki. Ƙanana ne, fata mai kauri, 'ya'ya cike, zaƙi kamar zuma. Na tofar da 'ya'yan.

"Je ki haɗa kayanki. Tare za mu tafi."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba zan iya ba, Mama."

"Me kika ce?"

"Na yi musu alkawari har a gama tsinka. Mutanen nan da ni suka dogara."

"In an gama fa?"

Na so ta ce za ta bari, ko da ƙarya ce, da na karɓa. Ta ɗago ta dube ni.

"Ban sani ba. Ina neman wani wurin, wallahi ina nema. Amma ba zan ƙara yi miki ƙarya ba."

Tunda na haife ta ba ta taɓa ce mini a'a a ido ba. Maganar da Hajiya ta ba ni tana kan harshena, na ji nauyinta, na buɗe baki. Ita ma ta san abin da ke zuwa, don ta ja da baya kamar wadda za a mara. Garin ja da baya, wayar da aka ɗaure kurangar ta kama hularta, ta fizge har da ɗankwalin.

Na ga kanta.

Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule, tsohon kitso ya saki ya haɗe da sabon toho, ƙura da guntun ganye a ciki. Ummi da duk garin nan aka sani da suma.

"Yaushe rabonki da kitso?"

Ta yi sauri tana rufewa.

"Tun wanda kika yi mini ranar da zan taho."

Wata shida. Ba mai taɓa kanta a cikin duwatsun nan, kuma ta kasa zuwa inda za a taɓa. Maganar da ke bakina ta narke, ban san inda ta bi ba.

"Kina da mashaci?"

A barandar baya muka zauna, inda ba baƙi. Ni a kan matakala, ita a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Madam Karol ta kawo man zaitun daga kicin, ta ga fuskokinmu, ta koma ciki. Tsifar kaɗai ta cinye hantsi. Ina ja tana cije leɓe, gashi na zuba a cinyata. Sai da na fara yarfa kitson na yi magana, kanta a hannuna, ba ta da wurin gudu.

"Ki saurare ni da kyau. Aikin nan ban yarda da shi ba, ba kuma zan yarda ba. Ba zan sa masa albarka ba. Abin da kika samu a nan kada ki sayo mini ko sabulu da shi. Duk sallar da na yi sai na roƙi Allah ya fitar da ke. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

"Amma ni na haife ki. Ba wanda zai sa in ce ba ni ba ke."

Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Ta kifa fuska a gwiwata tana kuka irin na yara, na ce ta ɗago kada ta karkata mini tsaga.

Hajiya ta zagayo da jakarta a hannu ta tsaya a kanmu.

"Kitso? Shi ne hukuncin?"

"Shi ne, Hajiya."

Ta duba aikin, don ita ma ta iya.

"Kuma manya-manya haka kamar na mai jego? Ke da kike yin ƙanana su yi wata biyu? Wannan ai sati biyu ba zai kai ba."

"Na sani," na ce.

Ummi ta ɗan juyo ta dube ni ta gefen ido. Na mayar da kanta daidai.

Haka muka kamo hanya, glasiye biyu da bokiti suna ta ƙara a baya ba ko ƙwaya ɗaya. Har muka shigo gari Hajiya ba ta yi mini magana ba, yanzu ma gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na san wasunku suna bayanta. Wataƙila ku ne da gaskiya, ni ba malama ba ce, kuma abin yana hana ni barci har yau.

Asabar ɗin da ta wuce ina wanke-wanke na ji ana taɓa ƙofa. Ummi ce, ta tuƙo tun daga can, kitson ya tashi buzu-buzu. Ba ta bar aikin ba tukuna, ban kuma fasa faɗa mata abin da na faɗa ba. Ta gaishe ni, ta ɗauko mashaci da kanta, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna.

Na sake yi mata manya.